Abin da Na Gani a Ƙasar Hindu Game da Gonakin da Kanwa ta Cinye

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana labarin wata tafiya da Allah ya nufe ni da yi zuwa ƙasar Hindu a cikin watan Yuni na 2023. Ba labarin dogayen benaye ko yawan jama'a zan bayar ba, ko da yake akwai su har sun yi yawa. Labarin ƙasar noma ne, da waɗansu halittu ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda mutanen can suka sa su aiki a gona.

Dalilin da ya sa na kula da wannan al'amari shi ne, ƙanen mahaifina yana da wata gona ta noman rani wadda ake ba ta ruwa daga madatsa. Shekarun farko alkama da tumatir sai wanda ya gani. Ana nan ana nan sai wani fari-fari ya fara fitowa a gefen kunya, kamar an barbaɗa gari. Tumatir ya tsumbure, bakin ganyensa ya ƙone, in an kwarara ruwa sai ya kwanta kwana da kwanaki bai shiga ƙasa ba, in kuwa ya bushe sai wurin ya zama faƙo, fartanya na tsalle a kai. Waɗansu suka ce sammu ne. Ni dai na tsuguna na lashi farin abin nan, na ji kanwa ce zalla. Na ce masa, "Baba, ba hannun kowa a nan, ƙasar ce ta yi kanwa." Ya ce, "To, ɗana, ku da kuka yi karatun gona, mene ne maganinta?" Ran nan na rasa amsar da zan ba shi, kuma abin bai bar raina ba har na hau jirgi.

Da muka sauka Delhi muka kama hanyar arewa a mota zuwa wani gari Karnal, a jihar Haryana, tafiyar kilomita 125 ko kusa da haka. Hanyar ta ratsa Panipat, inda Babur ya ci yaƙin da ya ba zuriyarsa sarautar Hindu a 1526, amma ba mu tsaya ba, don zafin ranar ya wuce awo 40, iska na busowa kamar daga bakin tanderu. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ba dutse ba tudu. An riga an girbe alkama tun watan Afrilu, manoma na ta cika gonaki da ruwan rijiyar burtsatse don dashen shinkafa.

A Karnal ɗin nan gwamnatin Hindu ta kafa wata babbar ma'aikata a 1969, ba ta da wani aiki sai binciken ƙasa mai gishiri da mai kanwa, suna taƙaita sunanta da CSSRI. Wanda ya ga filinta yau, kore shar, da itatuwa da gonakin gwaji, ba zai yarda da cewa da farko farin fili ne da kusan ba abin da ke tsirowa ba, sai an nuna masa hotunan da. Bisa ga lissafinsu, ƙasar Hindu tana da hekta miliyan 6.73 da wannan cuta ta taɓa, fiye da rabi kuwa mai kanwa ce. Hekta ɗaya kamar eka biyu da rabi ke nan. Ba su kaɗai ba ne, gama hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗa a 2024 cewa wajen hekta miliyan 1,400 ne a duniya, watau ya ɗan ɗara ushirin busasshiyar ƙasa duka.

Abu na farko da wani malaminsu ya gyara mini, ya kamata in gyara wa masu karatu shi ma. Ƙasa mai gishiri daban, mai kanwa daban, ko da yake sukan haɗu a gona guda. Mai gishiri tana shan ruwa lafiya lau, illarta dai gishirin yana hana saiwa zuƙar ruwa, sai shuka ta yi yaushi alhali gindinta a jiƙe yake. Maganin wannan ruwa mai daɗi ne mai yawa, da magudanar da za ta fitar da shi. Mai kanwa ita ce uwar wahala. A cikin kanwa akwai wani sinadari, sodiyam, wanda in ya maƙale a jikin yumɓu sai ya warwatsa shi, ƙofofin da ruwa da iska ke bi su toshe. Suna da wani ma'auni da suke kira pH, daga 0 zuwa 14, ruwa mai tsabta yana kan 7. Ƙasa in ta haye 8.5 an shiga kanwa, a can kuwa akwai wadda takan kai 10. A wannan hali ko da abincin shuka yana cikin ƙasar, kamar fosfaras da ƙarfe da tutiya, a kulle yake, saiwa ba ta iya ɗauka. Mutanen Haryana suna ce wa irin wannan fili kallar, na Uttar Pradesh suna cewa usar, farin garin da ke fitowa a sama kuwa reh. Da na ji cewa masu wanki na ƙauye sun daɗe suna kwasar reh suna wanke tufafi da shi, sai na yi murmushi, na tuna da kanwar Manga da ta bakin tafkin Chadi. Ashe abin da Buzaye da Barebari ke kawo mana mu saya da kuɗi, shi ne ya talauta waɗansu.

Maganin da suka fi dogara da shi ba ɓoyayye ba ne. Akwai wani farin dutse mai laushi, jifsam, irin wanda ake sa wa siminti, su suna haƙo nasu a Rajastan. Sai a daidaita gona, a ɗaga mata kunya mai ƙarfi kewaye, a barbaɗa garinsa kamar tan 10 zuwa 15 a hekta, gwargwadon abin da awo ya nuna, a cuɗa shi da ƙasar sama kawai, a tsayar da ruwa a kai kamar mako biyu. Kalsiyam da ke cikin dutsen ya ture sodiyam daga jikin yumɓu, ruwa ya tafi da shi ƙasa. Sa'an nan a fara da shinkafa, don ita ba ta ƙin kwanciyar ruwa, a bi ta da alkama. Sun kuma fitar da iri masu jurewa, kamar shinkafa CSR 30 da alkama KRL 210. Da wannan dabara an rayar da wajen hekta miliyan 2. Amma tan goma ba kayan talaka ba ne, ko da gwamnati ta rage masa kuɗi, shi ya sa hankalinsu ya koma ga neman mataimaki mai arha.

Don in ga wannan mataimaki sai aka tura ni reshensu na Lakno, babban birnin Uttar Pradesh, kamar kilomita 500 daga Delhi ta jirgin ƙasa. Birni ne na Musulunci tun da, a bakin kogin Gomti. Na ziyarci wani ƙasaitaccen gini, Bara Imambara, wanda sarkinsu Asafud Daula ya sa aka fara a 1784 lokacin wata yunwa, domin talakawa su sami aikin da za su ci abinci. Na ce a raina lalle ƙasar nan ta san yunwa tun ba yau ba. Daga tagar jirgi kuwa, wajen Hardoi, na riga na ga usar da idona: fili fari fat yana ƙyalli a rana, ba kome sai bagaruwa jefi-jefi, wadda su ke kira babul, ga gona kore a maƙwabtaka, iyakarsu kamar an ja da zare.

A ɗakin bincike wani malami ya sa ni na leƙa madubin likita. Na ga waɗansu 'yan sanduna birjik suna motsi. Ya ce bakteriya ke nan, a cikin ƙasar gona mai lafiya cike da ƙaramin cokali akwai miliyoyinsu da ba su ƙirguwa. Mu dai mun saba jin sunan nan wajen likita, sai mu ɗauka duk cuta ce, alhali kuwa masu cutar kaɗan ne. Galibinsu suna taruwa ne a jikin saiwa, don saiwa tana tsatso wani abu mai zaƙi da suke ci, su kuma su biya ta da aiki. Ƙasar usar kuwa kusan kango ce, ba ruɓaɓɓen ganye, ba abinci, masu zama a ciki kaɗan ne. To, dabarar malaman nan ita ce, suka bi 'yan ciyayin da suka yi taurin kai suka tsira a tsakiyar usar, suka tono saiwarsu, suka ware ƙwayoyin da ke zaune a nan, tun da wanda aka haifa cikin kanwa ba ya tsoron kanwa. Suka yi ta gwada su ɗaya ɗaya, suka zaɓi masu amfani, suka hayayyafa su a cikin ruwa na musamman, suka ɗura a kwalba. Na ga mai suna Halo-Azo, da Halo-PSB, da wani haɗi CSR-BIO wanda ya tara ƙwayoyin Bacillus da wani naman gwari mai amfani.

Na tambaye shi, "Malam, abin da ido bai gani ba, yaya zai yi da kanwar da ta gagari garma?" Ya yi dariya, ya ce ba kanwar suke kwashewa ba, shukar suke ɗaure wa gindi. Waɗansu suna kamo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata shi ne, su mai da shi taki. Waɗansu suna fitar da ɗan tsami a bakin saiwa, ya narkar da fosfaras ɗin da kanwa ta kulle. Waɗansu suna sa saiwa ta yi gashi da rassa. Amma biyu ne suka fi ba ni mamaki.

Na fari, ashe shuka ma tana firgita. In gishiri ya dame ta sai ta riƙa fitar da wata iska, etilin, ita ce dai iskar da ke nunar da ayaba da mangwaro. Kaɗan daga cikinta amfani ne, amma in ta yi yawa sai saiwa ta daina tsawo, ganye ya yi rawaya ya zube, shuka ta tsufa tun tana ƙarama. Watau tsoron ya fi dukan illa. To, akwai ƙwayoyin da ke cinye sinadarin da shuka ke ƙera iskar nan da shi tun bai zama iska ba, sai firgitar ta ragu, saiwa ta ci gaba da nutsawa. Waɗansu malaman Japan ne suka fara gano makamin da ƙwayoyin ke wannan aiki da shi a 1978, sa'an nan wani malami na Kanada, Bernard Glick, ya bayyana amfaninsa ga shuka. A 2004 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa dashen tumatir da aka sa wa wata ƙwaya da aka samo daga hamadar Araba ya fi ɗan'uwansa girma a cikin ruwan gishiri. Da na ji an ambaci tumatir sai gonar Baba ta faɗo mini a rai.

Na biyu, waɗansu suna fitar da wani abu mai yauƙi kamar ƙaro. Yauƙin nan yana kama sodiyam ya rage wanda ke shiga saiwa, yana riƙe laima, yana kuma liƙa ƙwayoyin yumɓu su zama 'yan dunƙule, ruwa da iska su sami hanya. Ya tuge mini shuka biyu daga tukwane. Saiwar ɗaya tsirara take, ɗayar kuwa ƙasa ta lulluɓe ta kamar an yi mata riga. Gani ya kori ji.

Kashegari muka fita ƙauye, aka haɗa ni da tafinta. Muka tarar da wani dattijo, ya ɗaura ƙyalle a ka saboda rana, yana sa ana kife wata doguwar ciyawa da garma. Sunanta dhaincha, da na duba ganyenta na ga 'yar'uwar zamarke ce ta fadamunmu. Suna shuka ta bayan girbin alkama, in ta yi kwana 45 zuwa 60 sai a turmushe ta cikin ƙasa ta ruɓe kafin dashen shinkafa. Na tuge ɗaya na ga saiwarta cike da 'yan ƙululu, na fasa guda da farce, cikinsa ja-ja kamar nama. Jan nan shi ne shaidar cewa ƙwayoyin suna ciki suna aikin kamo taki daga iska. Duk mai shakka ya tuge gyaɗa ko wake a gonarsa da damina ya fasa ya gani. Turawan Jamus biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da wannan asiri a 1886, wani mutumin Holan kuma, Beijerinck, ya ware ƙwayar a 1888. Kakanninmu ba su san sunanta ba, amma sun san gero yakan yi kyau a inda aka cire wake.

A gefen gonar mata suna zaune, an tara ruwa a wani ɗan rami, an zuba abin kwalbar nan, suna tsoma saiwar irin shinkafa a ciki kafin a kai ga masu dashe. Dattijon ya ce wani lokaci kuma akan cuɗa shi da iri a inuwa, ko a gauraya da takin shanu a watsa. Na ce a tambaye shi, "Baba, tsakani da Allah, abin nan yana aiki?" Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya nuna mini wani ɓangare na gonar, ya ce nan ya sa farin dutse tun shekarun baya, yana kife dhaincha kowace shekara, da ya ƙara da kwalba ya ga bambanci a yawan 'ya'yan da shinkafa ke yi. Ya juya ya nuna wani farin tabo can ƙarshe, ya ce can kuwa ya zuba kwalba kaɗai don ƙyashin kuɗin dutse, ko kara ɗaya bai ƙaru ba. Ya ce baƙo ne ka kai shi gidan da ba hatsi, kwana nawa zai yi?

Maganar dattijon nan ta fi mini duk abin da na ji a ofis, malaman ma ba su musa ta ba. Sun ce sau da yawa abin da ya yi kyau a tukunya cikin ɗaki, in an kai shi fili sai ya ba da kunya, don rana ta kashe shi, ko ƙwayoyin da ke wurin tun asali su fi ƙarfinsa. Har suka ba ni labarin wani malami na jami'ar Banaras, R. N. Singh, wanda ya rubuta a 1950 cewa gansakukar da ke fitowa a usar da damina, wadda ita ma jinsin bakteriya ce, tana iya rayar da ƙasar in an tare mata ruwa. Waɗanda suka sake gwadawa daga baya suka ga tana ƙara taki, amma ba ta korar sodiyam kamar yadda farin dutse ke yi. Wata wahalar kuma, abincin ƙwayoyin nan ruɓaɓɓen abu ne, ga shi kuwa a ƙauyukansu kashin shanu makamashi ne. Ko'ina ka duba an mulmula shi an liƙa a bango yana bushewa don girki, abin da ya rage wa gona kaɗan ne.

A nan ne na gane wata wauta da na taɓa yi. Wata shekara na sayi irin wannan kwalba a hannun wani mai talla a kasuwa, wanda ya rantse mini tana maye gurbin buhun taki uku. Ta wuni a kan teburinsa cikin rana, ban san ko wata nawa ta yi a haka ba, ni kuma na kawo na zuba a busasshiyar ƙasa da tsakar rana. Ban ga kome ba, na yi ta zagin masu yin ta. Ashe gawa na saya. Abin da ke ciki mai rai ne, yana son inuwa da sanyi, yana da ranar da yake mutuwa, ba a kuma haɗa shi kai tsaye da maganin ƙwari ko na feshi.

Na so in sayo kwalba biyu in taho da su, sai malamin Lakno ya hana ni. Ya ce da fari ba a ƙetare iyakar ƙasa da abu mai rai sai da izinin hukuma. Na biyu, ya ce, "Me za ka yi da namu, ku da kuke da ƙasar kanwa tun fil'azal?" Na rasa ta cewa. Gaskiya ne, ga tafkunan kanwa na Manga, ga Dallol Boso da Foga a Nijar inda ake tace ƙasa a dafa gishiri, duk akwai ciyayi da suka saba da wurin, a saiwarsu kuwa lalle akwai ƙwayoyin da suka san zafinmu. Sana'ar ma ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, tun da ma'aikatar IITA ta Ibadan ta yi irin wannan don waken soya, mai suna Nodumax. Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantun gona da jami'o'inmu su tura ɗalibai su tono saiwoyin nan su bincika. Ina kuma roƙon masu kula da madatsun ruwa su dubi magudanai, gama duk inda ake ba gona ruwa shekara da shekaru a ƙasa mai zafi, ruwan ba shi da mafita, rana za ta shanye ruwan ta bar gishirin a sama. Jifsam kuwa Allah ya ba mu shi a ƙasar Sakkwato da ta Yobe, ba sai an je Rajastan ba.

Malaman makaranta da ma'aikatan da ke ƙauyuka, ga wani gwaji da aka koya mini, ba ya bukatar ko kwabo. A ɗauki ɗan busasshen ɓarɓashin hoge kamar ƙwayar wake, a sa shi a hankali cikin farin kwano mai ruwan sama, kada a motsa. In ya ruguje kawai ruwan ya zauna garau, da sauƙi. In kuwa wani gajimare kamar madara ya bazu kewaye da shi, to, alamar sodiyam ce, sai a kai ƙasar ofishin gona a auna kafin a kashe kuɗi a kan kowane magani.

Da na komo gida na yi wa Baba wannan gwaji a gabansa, ruwan ya yi fari kamar kunu. Muka fara da yashe magudanar da ta toshe a ƙasan gonar, muka ware kunya huɗu muka sa musu jifsam da takin shanu, muka bar huɗu yadda suke don mu riƙa gwadawa. Ya kuma sa jikokinsa tara irin zamarke daga bakin fadama. Farin tabon bai gushe ba tukuna, amma a kunya huɗun nan ruwa ya fara shiga ƙasa a kwana guda. Wanda duk ya taɓa fama da irin wannan gona, ko ya san wata ciyawa da ke tsira a kan kanwa a ƙasarsu, ina roƙonsa ya rubuto ta hannun Edita ya faɗi sunanta da inda take fitowa.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani malamin gona mai karanta jaridarka kullum.